Daga Agege Zuwa Gberefu: Yadda Za Ka Yi Asabar da Lahadi a Bakin Teku da Motar Haya

Akwai mutanenmu da suka shekara goma, wasu ashirin, a Legas, amma iyakar abin da suka sani na teku shi ne ruwan da suke hange ta tagar mota a kan gada. Daga rumfa sai masauki, daga masauki sai rumfa, in an samu sarari kuma sai a kama hanyar gida. Ni ma haka na zauna a Agege shekaru da dama kafin wani maƙwabcina ya ja ni zuwa Badagry wata Asabar, muka haye ruwa zuwa ƙauyen Gberefu. Tun daga ranar na koma sau da yawa, ni kaɗai da kuma tare da iyali. Tafiyar ba ta buƙatar motar kanka, ba ta buƙatar fasfo. Abin da take buƙata shi ne sammako da kwana ɗaya a can. Duk wanda na ji ya dawo yana cewa wahala kawai ya sha, in ka bincika za ka tarar ya fita da hantsi ne, ya so ya je ya dawo a yini guda.

Badagry tana yammacin Legas, kimanin kilomita 60 daga cikin gari, a kan hanyar da ta miƙe zuwa Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Garin yana bakin wani dogon ruwa mai kwanciya, shi kuwa Gberefu yana tsallaken wannan ruwan, a kan wani siririn tudun yashi mai cike da bishiyoyin kwakwa. Bayan tudun kuma sai tekun Atalantika.

Shirin daren Juma'a

Ka fara da duba lokacin shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi: hanya a bushe, teku ta ɗan lafa, ga iskar hunturu da ke rage gumi. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama yana da ƙarfi, musamman a Yuni, kuma ruwa ɗaya ya isa ya mayar da tafiyar awa biyu ta zama ta awa biyar. A watan Agusta ruwan yakan ɗan tsagaita, sai dai a lokacin igiyar teku tana da zafi ƙwarai.

Jaka ɗaya ta goyo ta wadatar. A cikin danfo, duk kayan da ya fi ƙarfin cinyarka kuɗin kujera za a ce ka biya masa. Ka sa kaya canji ɗaya, tawul, silifas na roba, hula mai faɗi ko laima, ƙaramar darduma, tocila, cajar waya da fawa-bank, da maganin sauro na shafawa. Kada ka raina wannan na ƙarshen, sauron bakin ruwa ba ya jiran magariba ta gama yi. Ka nemi leda mai kauri wadda za ka ƙulle waya da kuɗi a ciki lokacin hayewa. Mata su zaɓi hijabi ko mayafi mara nauyi wanda yake saurin bushewa, domin iskar teku tana ɗauke da danshin gishiri, kuma atamfa mai kauri in ta jiƙe sai ta kwana ba ta bushe ba.

Sai katin shaida. Wannan shi ne abin da ban yarda a manta da shi ba. Hanyar iyaka ce, akwai shingayen bincike da yawa, kuma matashin Bahaushe ya fi kowa fuskantar tambayar "daga ina kake?". Ka riƙe katin ɗan ƙasa ko takardar NIN, ko katin zaɓe, ko lasisin tuƙi. 'Yan'uwanmu na Nijar su riƙe takardunsu cikakku. Akwai ranar da aka sauke wani yaro ɗan Arewa daga motarmu a wani shinge saboda ba shi da komai a aljihu sai waya, muka yi kusan rabin awa muna ba da baki kafin a sake shi. Da yana da kati, da minti ɗaya bai yi a ƙasa ba.

Batun kuɗi kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, har tsakanin safe da yamma yakan bambanta. Ga yadda nake yi: daren Juma'a nakan tambayi wani da ke bin hanyar nawa ake biya a wannan makon, in lissafa zuwa da dawowa, in ƙara rabin abin a kai. Sannan kuɗin jirgi, kuɗin shiga gidajen tarihi, ɗaki, abinci, da ɗan abin da za a ba mai zagayawa da baƙi. Ka raba kuɗin gida biyu, ka sa na hanya a aljihun gaba cikin ƙananan takardu. Akwai masu POS a cikin Badagry, amma kada ka dogara da su in ka haye ruwa.

Hanya

Ka yi sallar asuba da jakarka a gefe, kana sallamewa ka fita. Burinka shi ne ka wuce Okokomaiko kafin ƙarfe bakwai da rabi.

In daga Agege kake, ba sai ka zagaya ta Oshodi ba. Ka hau zuwa Iyana-Ipaja, daga nan ka samu motar Iyana-Iba wadda ke bi ta Igando. Iyana-Iba ita ce mahaɗar da ke kusa da jami'ar jihar Legas, dab da Alaba Rago, inda duk Bahaushen Legas ya sani. A nan za ka ji yaran mota suna kiran Agbara da Badagry. Mutanen Mile 12 da Ketu su hau zuwa Oshodi, daga Oshodi zuwa Mile 2. Mutanen Idi-Araba ma Mile 2 za su nufa. Wanda ke Obalende ko cikin tsibiri yana da sauƙi: jirgin ƙasa na Blue Line da aka fara a Satumban 2023 yana ɗauka daga Marina ya sauke a Mile 2, sai dai da katin Cowry ake shiga, ba a karɓar kuɗi a hannu.

A Mile 2 ko Iyana-Iba, ka nemi motar da za ta kai ka Badagry kai tsaye, ka tabbatar da bakin direba cewa har shataletalen Badagry zai je. Wasu sukan kira Badagry don su cika mota, su isa Agbara su ce nan ne iyaka, su haɗa ka da wata. In ba ka samu ta kai tsaye ba, babu laifi ka yanka tafiyar biyu da saninka: zuwa Agbara, sannan Agbara zuwa Badagry. Wani lokaci ma hakan ya fi sauri, don ba ka zaman jiran mota ta cika.

Cikin tasha za ka shiga mota, inda 'yan kamasho suke lodi. Motar da ta tsaya maka a bakin titi da duhun asuba, da mutum uku ko huɗu a ciki, tana kiran kuɗi mai araha, ka bar ta ta wuce. Haka 'yan wan-cans suke farauta, kuma ragin da za a yi maka bai kai wayarka ba.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka tambayi na kusa da kai nawa ya biya. In yaron mota ya ce a shigo da canji, da gaske yake. In ka ba shi babbar takarda zai iya haɗa ka da wani fasinja ya ce ku je ku raba, ka tsaya neman canji da baƙo a bakin titi. Kujerar da na fi so ita ce ta bayan direba kusa da taga. Ta can baya tana kan taya, duk ramin da aka faɗa a ƙugunka zai ƙare. In za ka sauka, kalmar ita ce "o wa", ka faɗe ta da ƙarfi.

Za ku bi ta Okokomaiko, Ijanikin, Agbara, Oko-Afo, Mowo, Ibereko. An daɗe ana aikin faɗaɗa wannan titi, saboda haka za ka ga wani wuri sumul, wani wuri a karkatar da ku hannu ɗaya. Daga Agbara gine-gine suke fara raguwa, kwakwa da fadama su fara bayyana, iska ma ta canja. A shingen bincike ka zauna shiru, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto, in an tambaye ka ka amsa a taƙaice. Kada kuma ka karɓi saƙon kowa, a zuwa ko a dawowa, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka ka ce buhun nan naka ne. Hanyar fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur ce, wanda aka samu kaya a hannunsa shi ne mai kaya.

In hanya ta yi kyau, awa biyu zuwa biyu da rabi daga Mile 2 sun isa. Alamar isowa ita ce shataletale mai mutum-mutumin makaɗin wata doguwar ganga, wadda mutanen garin ke kira Sato.

Ka fara kama ɗaki

Da ka sauka za ka so ka wuce bakin ruwa kai tsaye. Ka daure ka fara neman masauki. Ɗakuna masu sauƙin kuɗi suna ƙarewa da yammacin Asabar, ga masu biki, ga masu jiran wayewar gari su tsallaka Seme. A cikin gari ake kwana, domin Gberefu ƙauyen masunta ne, ba wurin da baƙo zai dogara da samun ɗaki ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka karya kumallo wurin mai shayi a kusa da shataletale. Kusan kullum ɗan'uwa ne, kuma kafin ka gama kofi ɗaya ya gaya maka inda masallaci yake, da masaukin da mutum zai iya kai iyalinsa, da wanda gidan giya ne da ɗakuna a baya. Wannan bambancin ba a ganinsa a allon ƙofa da safe, sai dare ya yi kiɗa ya tashi. Kafin ka biya, ka ce a nuna maka ɗakin. Ka murɗa famfo, ka kunna fanka, ka duba ragar taga da sakatar ƙofa, ka tambayi ƙarfe nawa ake tayar da janareta da ƙarfe nawa ake kashewa. Ma'aurata su ce ɗaki na can ciki suke so, nesa da wurin zaman baƙi.

Ka ajiye jaka, ka ɗauki kuɗi da waya da ruwan sha da darduma, ka tari keke ko ɗan acaba ka ce Marina, wato titin bakin ruwa na Badagry, ba Marinar cikin Legas ba. Dokar hana acaba da aka kafa a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022 ba ta haɗa da Badagry ba, don haka suna nan birjik.

Awa biyu a Marina

Titin Marina yana bin gefen ruwa, kuma kusan duk abin da ake zuwa gani a garin yana kansa ko kusa da shi, da ƙafa ake zagayawa. Za ka ga samari suna tayin zagayawa da kai. Ka zaɓi ɗaya, ku yi ciniki tun farko, ku fayyace ko kuɗinsa ya haɗa da na shiga wurare da na jirgi ko bai haɗa ba. Yawancin rigimar da ake yi da baƙi daga rashin wannan maganar take tasowa.

Akwai benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Mutumin Kano ko Zariya da ya san soraye zai yi tambaya a kan wannan suna, kuma yana da gaskiya. Abin da ake nufi shi ne bene irin ginin Turawa. Akwai babban gidan tarihin garin a tsohon ofishin Turawan mulki, da ɗan ƙaramin gidan tarihi na zuriyar Mobee, inda za a miƙo maka sarƙar wuya ta gaske a ce ka ɗaga. Ka ɗaga. Nauyinta a hannu ya fi duk bayanin da za a yi maka.

In lokacinka kaɗan ne, wurin da ba zan so ka tsallake ba shi ne gidan Seriki Abass. Sunan kansa zai tsaya maka a kunne, domin "Seriki" kalmarmu ce ta "sarki" da ta shiga bakin Yarabawa. Mutumin nan an bautar da shi yana yaro, daga baya shi ma ya zama babban dillalin bayi, ya zama jigo a cikin Musulmin garin, ya rasu a 1919. A cikin gidansa akwai ƙananan ɗakuna arba'in da aka riƙa tsare mutane kafin jirgi ya zo. An bar wasu yadda suke. Ka shiga ɗaya, ka sa a rufe ƙofa na ɗan lokaci, ka dubi 'yar kafar da iska ke shigowa ta can sama. Masu zagayawa da baƙi za su nuna maka laima da tangaran da kwalabe, su gaya maka mutum nawa aka bayar aka karɓi kowanne.

Ban ɗauki wannan a matsayin tarihin wasu ba. Cikin waɗanda aka kora zuwa gaɓar nan akwai mutanen ƙasar Hausa da Nufe da Barno, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙe da hare-hare, aka sayar da su hannu zuwa hannu ta ƙasar Oyo har bakin teku. Da yawansu Bahia aka kai su, a ƙasar Brazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi babban boren watan azumi na 1835, tare da Yarabawa da suka fi yawa a cikinsa. Masu sayarwa da waɗanda aka sayar duk akwai namu a ciki, kuma gara mutum ya shiga ɗakin nan da sanin haka.

Ta wannan gari ne kuma Clapperton, wani Bature mai yawon binciken ƙasashe, ya sauka a ƙarshen 1825, ya kama hanyar ƙasa zuwa Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a can a Afrilun 1827. Baransa Richard Lander ya dawo Badagry da takardunsa, aka zarge shi da leƙen asiri, aka sa shi shan gwajin guba, ya tsira. Hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a 2024 sabuwar kwalta ce a kan tsohuwar alaƙa.

Ka yi azahar a masallacin gari, ka ci abinci, sannan ka nufi mashigi.

Hayewa

Daga Marina kana hango Gberefu, hayewar 'yan mintoci ce a kwale-kwale mai inji. In ka ce wa mai jirgi "Point of No Return", wato inda in an je ba a dawowa, ya gane. Akwai hanya biyu: ka jira a cika jirgi tare da mutanen ƙauye ka biya kuɗin mutum ɗaya, ko ka yi shatar jirgin. In ku biyar ne ko shida, shata ta fi. In shata ka yi, ka biya rabi yanzu, rabi in ya dawo da kai, ka karɓi lambar wayarsa, ku tsayar da lokaci.

Rigar ruwa dole ce, doka ce ta hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, kuma ko ba doka ba hankali ne. Ka sa ta, ka ɗaure igiyoyinta, ka duba ta yaro ta yi masa daidai. Jirgin da babu riguna, ko wanda aka cika har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, kada ka shiga. Mun ji isassun labaran kifewar jirage a Neja da Kebbi da Sakkwato, kusan kullum dalilan guda ne: lodi fiye da kima, rashin riga, tafiyar dare. Ka shiga a sunkuye, ka zauna inda aka nuna maka, kada ka miƙe don hoto.

Lokacin da ya fi dacewa a haye shi ne wajen ƙarfe uku, rana ta fara sanyi. Daga inda jirgi ya ajiye ka zuwa bakin teku tafiyar kamar minti ashirin zuwa talatin ce a ƙafa, cikin yashi, inuwa kaɗan. Akan samu 'yan acaba a tsallaken, kuma tsoho ko mai juna biyu su hau. Mai lafiya dai ya taka. Wannan ita ce hanyar da aka bi da mutane cikin mari, kuma ban ga amfanin a zo har nan a wuce ta a guje ba. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya da ake cewa an riƙa tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta da gida. Ba a sha yanzu. Ni a nan nake tsayawa in yi addu'a ga waɗanda suka wuce ta wurin ba a san sunayensu ba.

Tun kafin ka ga teku za ka ji ta, wani irin rugugi kamar hadari na tasowa daga nesa. Sai kwakwa ta buɗe, ka ga ruwa har iyakar ganinka.

Teku ba gulbi ba ce

A nan zan ja kunne sosai. Wanda ya koyi iyo a gulbi ko a dam yakan ɗauka ya iya ruwa. Gaɓar nan tana da gangara, igiya tana dukan ƙasa da ƙarfi, in za ta koma kuma tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Akwai kuma wasu wurare da ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa ciki ta siririyar hanya da gudu. Abin da ke ruɗin baƙo shi ne wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido, babu farin kumfa, sai ya ce nan ne daidai wanka. Nan ne ya fi haɗari. Babu masu ceto a wurin.

Dokata ga kaina da iyalina ita ce ruwa kada ya wuce gwiwa, kada a juya wa teku baya, yaro kuma hannunsa cikin na babba. Doguwar riga da zani in sun jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa. In tsautsayi ya sa ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, ya yi iyo a gicciye, wato ta gefen da gaɓa ta miƙe, har ya fita daga jan ruwan. Na kan tudu kuma su kira masunta, kada su faɗa a bi shi.

In la'asar ta same ka a nan, ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbatar da cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Alƙibla ba ta da wuyar samu: ka sa teku a hannun damanka, ka fuskanci gabas ke nan, sai ka ɗan karkata hagu. Ka shimfiɗa darduma can sama inda yashi ya bushe.

Mutanen da za ka tarar a ƙauyen masunta ne da masu sana'ar kwakwa, akasari 'yan ƙabilun Egun da Ilaje. Gidansu ka zo. Ka yi gaisuwa kafin komai. "E ku ise", wato sannu da aiki, tana buɗe fuska, kuma kusan kowa yana jin Turancin buroka. Kada ka ɗauki hoton mace ko yaro ko cikin gida sai ka nemi izini. In ka ga wani wuri da aka kewaye da ganyen kwakwa ko aka ɗaura farin ƙyalle, wurin ibadarsu ne, ka ratse. Kada ka hau jirgin da aka jingine, kada ka tsallake taru. Ka sayi kwakwa ɗanya a fasa maka, ka sha ruwan, a raba ta ka kankare na ciki. Ledarka da robarka kuma ka koma da su.

Ƙarfe biyar da rabi ka juyo. Jirage ba sa aiki da dare, kuma a nan duhu yana saurin rufewa da zarar rana ta faɗi.

Dare da safiyar Lahadi

Abincin dare kifi ne, gasasshe ko cikin miya, da teba ko shinkafa. Ƙaguwa da jatan lande duk sun halatta a mazhabarmu ta Malikiyya, in ranka ya karɓa ka gwada. Abin da za ka kiyaye shi ne nama: ana cin alade a yankin, don haka ka tambaya kafin a zuba, ko ka tsaya a kan kifi, ko ka koma wurin mai tsire. Farin abin sha da za a yi maka tayi a kwalba bammi ne, yana bugarwa. Ka ce a kawo ruwa.

Kada ka yi yawon dare. Mutanen Egun suna da dodon da suke kira Zangbeto, mai kama da tarin ciyawa yana juyawa, shi ne mai gadin dare a al'adarsu. In ka gamu da shi da rana ka ba shi hanya, kada ka ɗaga waya sai an ce ka ɗauka. Ka tambayi mai masauki ko akwai wata hidimar gargajiya da ta hana fita a daren.

Ribar kwanan tana zuwa da safe. Bayan asuba, da gari ya waye jirage suka fara aiki, ka sake hayewa. Babu baƙi a wannan lokaci, yashi da sanyi, kuma in ka yi sa'a za ka tarar ana jan taru: dogon layin maza da samari riƙe da igiya, suna ja da baya taki ɗaya cikin waƙa, na ƙarshe ya saki ya koma gaba ya sake kamawa. Aikin yakan ɗauki awanni. Na taɓa neman izini na kama igiyar tare da su, kafin rabin awa tafin hannuna ya yi ja, da taru ya fito kuma wani dattijo ya tsinto kifi biyu ya miƙo mini. Mata suna tsaye da robobi, a nan take ake ciniki. Ɗanyen kifi ba zai jure zafin danfo ba, saboda haka in tsaraba kake so ka sayi busasshe mai hayaƙi.

Ka dawo gari wajen ƙarfe goma, ka yi wanka, ka sallami ɗaki. In da sauran lokaci ka leƙa kasuwar Agbalata ka sayi kwakwa, man kwakwa, garin rogo da tabarma. Ka bar shinkafar waje ko da an yi maka rabin kuɗi.

Ka kasance cikin mota kafin ƙarfe biyu. Daga la'asar ɗin Lahadi masu dawowa daga Seme da masu tashi daga biki da coci duk suna hawa titi ɗaya, kuɗin mota ya hau, cunkoso ya kama daga Agbara har Iyana-Iba. A shataletale za ka ji ana kiran Mile 2 da Iyana-Iba da Okoko. Ka sa kifin cikin leda biyu ka ƙulle, ka ɗora jakar a cinya, ka ajiye katinka a aljihun gaba, domin binciken dawowa ya fi na zuwa tsanani. Mutumin Agege ya sauka a Iyana-Iba ya nemi motar Iyana-Ipaja, in Allah ya yarda zai yi magariba a masallacin unguwarsu.